Koriyar Mota Mai Kujera Biyu

Na sauka Lyon daga Damagaram a farkon shekarun dubu biyu, da niyyar yin digiri na uku a fannin labarin ƙasa. Ɗakunan ɗalibai sun cika kafin in iso, sai wani ɗan garinmu da ya riga ni zuwa ya haɗa ni da wata tsohuwa Bafaranshiya mai gida a Bron, ba nisa da jami'a. Mijinta ya rasu, ƴarta na aure can bakin teku, ita kaɗai ce a gidan sai wata kyanwa mai ƙiba. Ta ba ni ɗakin sama. Madam nake ce mata, ita kuma tun ranar farko ta kira ni "yarona", duk da cewa gemuna ya riga ya cika.

A gefen gidan akwai gareji mai ƙofar katako, kullum a kulle. Na ci hunturun farko ban ga cikinsa ba, ban kuma tambaya ba, don ni abin da ya dame ni a lokacin shi ne sanyi da yadda zan kama jirgin taram na cikin gari kafin ya wuce. Sai wata Asabar da itatuwa suka fara toho, ina shan shayi a kicin, Madam ta tsaya a kaina ta ce, "Yarona, kana da parmin tuƙi?"

Na ce ina da shi, amma ban taɓa tuƙa komai ba sai motar kawuna ta ɗaukar buhunan gero.

"Ya isa," in ji ta. "Ajiye kofin ka biyo ni."

Da ta buɗe garejin ta yaye wani tsohon bargo, sai ga wata mota koriya shar, gajera har ba ta kai mini ƙugu ba. Hancinta dogo, kujerunta biyu rak, rufinta na tamfol ne, ƙafafunta kuma da wayoyi kamar na keke. Sitiyarin yana hannun dama. Madam ta ce mijinta Baturen Ingila ne, ya zo Lyon aiki a masana'antar rini yana saurayi, da wannan motar ya tsallako, kuma a cikinta ya nemi aurenta. Ita ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Tun rasuwarsa maƙwabci ne ke zuwa jefi-jefi ya caja batir ya tayar da inji, shi ke nan. Abin da take so, in riƙa fita da ita ƙauye ranar Lahadi, kamar yadda suka saba.

Shiga motar ma aiki ne. Sai ka fara zura ƙafa ɗaya, ka sunkuya, ka zube ciki kamar mai zama a tabarma. Na murɗa makulli, ina shirin tayarwa, sai Madam ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Saurara tukuna. Me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Madam."

"To ba za ta tashi ba."

Ta sa hannu a aljihun ƙofa ta ciro wata ƴar guduma ta ice wadda bakinta ya lotsa don tsufa. Ta ce in fita in kwanta kusa da tayar baya, zan ga wani abu mai kamar gwangwanin madara, shi ne famfon da ke tura isansi, wato fetur, zuwa inji. In ƙwanƙwasa shi sau ɗaya, ba da fushi ba. Na kwanta a kan simintin nan mai sanyi ina ce wa raina, ni da na zo neman digiri. Na ƙwanƙwasa. Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, da sauri, sannan a hankali, sannan shiru.

"Yanzu ta sha," in ji Madam. "Dawo."

Akwai wani maɓalli da ake ja don a ƙara wa inji mai idan yana da sanyi, amma da ka sake shi sai ya koma da kansa. Madam ta miƙo mini ɗan icen nan da ake maƙale wanki a igiya ta ce in maƙale shi da shi. Na murɗa. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya kama da wani irin ruri da ya girgiza kwalaben da ke kan kanta. Hayaƙi ya cika garejin, kyanwa ta tsallake katanga. Na juya na ga Madam tana dariya tana share ido da bayan hannu. Na bar injin yana ta rurinsa.

Haka Lahadinmu ta fara. Mukan fita da hantsi mu nufi tuddan da ke yamma da gari, inda gonakin inabi suke. Tana da wata mata mai sayar da cukun awaki a wani ƙauye, da wani benci a ƙarƙashin bishiya inda take son zama. Ni kuwa kowace Lahadi sai na koyi sabon hali na motar. Madam ba ta san sunan ko ƙarfe ɗaya a cikin inji ba, amma ta yi shekara da shekaru a kujerar gefe, don haka kunnenta ya san komai. Takan ce, "Ka ji? Tana magana ta hanci yau." Ko ta ce, "Idan ta yi haka, mijina yakan buɗe gaba ya taɓa wani abu a hagu." Wane abu? Ba ta sani ba. Sai in buɗe bonet in tsaya ina kallon hagu.

Da ta ga abin ya fi ƙarfinmu mu biyu, sai ta aika ni wurin wani abokin mijinta, tsohon likitan haƙori da ya yi ritaya, wanda ke da irin waɗannan motocin har biyu a bayan gidansa. Mutum ne mai fara'a, hannunsa bai rawa ko kaɗan. Abu na farko da na kai masa ƙara shi ne ɗigon baƙin mai. Kullum da safe sai in tarar da tabo a ƙarƙashin motar, na goge na goge har na gaji.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Shimfiɗa mata kwali ka huta. Ranar da ka tarar da kwalin a bushe, ranar ce za ka damu, don man ne ya ƙare."

Shi ya koya mini cewa sifanun da ake sayarwa a Faransa ba sa kama notinta, nata awon na inci ne, in ka matsa da na wani sai ka cinye kan notin. Shi ya nuna mini cewa karbireta biyu gare ta, kowace da ƴar hula a sama da ake zuba wa mai kaɗan, kuma dole su riƙa shaƙar iska daidai da juna. Yadda ake gane hakan, sai ka ɗauki guntun tiyo, ka sa baki ɗaya a kunnenka, ɗayan a bakin karbireta, ka saurari shuuu ɗin kowace. Na shafe yammaci guda da tiyo a kunne, ni duk ɗaya nake ji. Likita ya ce ba komai, shi ma sai da ya yi shekaru.

Amma abin da ya fi ba ni wuya shi ne wayoyin wuta. Motar nan tana da nata ra'ayi game da lantarki. Akwai lokacin da in na kunna sigina sai fitilar birki ta riƙa ƙyaftawa. Akwai watan da allurar isansi ke nuna tanki cike matuƙar fitilu na kunne, da ka kashe su sai ta faɗi gaskiya. Wanda ba zan manta ba shi ne makon da ta koyi yin hon da kanta duk lokacin da na karya kwana zuwa hagu. Muka ratsa wani ƙauye ana fitowa daga coci, hanyar kuwa duk kwanar hagu ce. Mutane suka riƙa ɗaga mana hannu, Madam kuma tana mayar musu da gaisuwa kamar matar gwamna. Daga baya na gane yawanci ba wata babbar matsala ba ce, tsatsa ce ke cin bakin wayoyin da ke manne a jikin mota. Ka kwance, ka kankare, ka shafa giris, ka mayar. Na zama ba na fita sai da guntuwar takardar gurza ƙarfe a aljihu, da fiyus, da buji, wato fulogi, guda na ko-ta-kwana.

Ƴan uwana ɗaliban Nijar sun sami abin dariya. Ranar wata Babbar Salla Madam ta ce in ɗauki motar in je masallaci, na kuwa sha babbar riga na shiga. Hannun rigar ya maƙale a ƙofa, ya yi ta kaɗawa a waje har na isa. Da aka sallame suka kewaye ta. Wani ɗan Tawa mai karatun lissafi ya leƙa ciki, ya leƙa but, ya dube ni.

"Malam, to ina za ka sa rago?"

Na ce ba don rago aka yi ta ba.

"Mutum biyu kawai? In ka gamu da surukinka a hanya fa, sai ka sauka ka ba shi?"

A wurin cin tuwon Sallar nan ne na fara ganin wadda ta zama matata. Iyayenta ƴan Maraɗi ne, amma ita a Clichy-sous-Bois aka haife ta, ta zo Lyon karatun haɗa magunguna. Hausarta rabi ce, sauran Faransanci, kuma in ta rasa kalma ba ta jin kunya, sai ta ƙirƙiro. Da na miƙa mata faranti ta kalli farcena ta ce, "Kai ne mai labarin ƙasa, ko kai ne makanike?" Na ce duka biyun ban ƙware ba tukuna. Ta yi dariya. Abin da ya biyo baya ya bi hanyar da aka saba: na sanar da gida, manya suka yi magana da manya, aka ɗaura aure a shekarar da na kare digirina. Na kuma sami aiki a wani ofishin zanen taswira a Paris.

A daidai lokacin ne Madam ta yanke shawarar sayar da gidan ta koma kusa da ƴarta, don matakala ta fara gagarar ta. Ƴar ba ta son motar, mijinta ma haka. Wata safiya Madam ta ajiye mini makulli kusa da kofin shayina.

"Ɗauke ta ku tafi da ita," in ji ta. "Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka lulluɓe ta ka ajiye. Zama ne ke kashe ta."

Na yi ƙoƙarin yin irin godiyarmu mai tsawo, ta katse ni ta ce shayina zai huce.

Muka aika kayanmu da motar ɗaukar kaya, ni da amarya muka ce za mu tafi Paris a koriya. Tsakiyar bazara ce, rana ta take. Likita ya duba motar, ya ba ni belin fanka guda da galan na ruwa, ya ce Allah ya kiyaye irin tasu. Madam ta tsaya a bakin ƙofa da kyanwa a hannu har muka sha kwana.

Ba mu ma fita Lyon ba muka faɗa cunkoso a cikin dogon ramin da hanya ke bi ta ƙarƙashin tudu. Motar nan ba ta ƙin komai kamar tsayuwa inji na aiki. Ina kallon allurar zafi tana hawa a hankali kamar mai hawan tsani. Dabarar da aka koya mini ɗaya ce, a kunna na'urar ɗumama ciki har ƙarshe, don ta janye zafin daga inji. Na kunna. Iska mai zafi kamar ta bakin murhu ta bugi ƙafafunmu.

Amarya ta juyo a hankali. "Malam, *tu plaisantes*? Wasa kake?"

"Ko mu mu sha zafin, ko inji ya sha," na ce.

Ta cire takalmanta, ta ɗora ƙafafu a kan jakar hannunta, ta ɗauki taswira tana fifita. "Mamana ta ce aure haƙuri ne. Ba ta ce mini gashi ba ne."

Da muka fito fili iska ta kaɗa, allura ta sauka, muka sauke rufin tamfol, sai duniya ta yi daɗi. Ta ɗaure ɗankwalinta tam. A nan ne kuma ta gane cewa zaman kujerar gefe a wannan motar aiki ne. Da yake sitiyarin na dama, ni ba na ganin abin da ke tahowa in ina bayan babbar mota, ita ce idona. Da farko tana jin tsoro, takan ce, "Ina ga... wataƙila... a'a, bari." Kafin mu yi nisa ta zama kwamanda. "Dakata. Dakata. Yanzu, *vas-y*, taka!" In taka, injin ya yi ruri, mu wuce tana ihun murna. A wurin biyan kuɗin hanya kuwa, tagar mai karɓa tana gefenta kuma tana can sama, sai ta durƙusa a kan kujera ta miƙe rabin jikinta waje. Wani mai karɓa ya leƙo ya ce mata, "Madam, ina direbanki?" Ta nuna ni da babban yatsa ba ta ko juyo ba.

Mun bar babbar hanya bayan azahar don mu bi ta ƙauyuka. A tsakiyar gonakin inabi, ba gida ba mutum, sai injin ya yi tari ya mutu. Na gangara gefe. Na murɗa makulli, muka saurara tare. Shiru. Na san famfo ne, amma ƴar gudumar na can ƙasan but, ƙarƙashin jakunkuna da tukunyar da Madam ta ba mu. Na fara sauke kaya a bakin hanya. Ita kuwa ta tambaye ni inda abin yake, na nuna mata. Kafin in ankara ta tattare zanenta, ta tsuguna, ta ɗauki takalminta mai tsini ta ba shi ɗaya. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Ta miƙe tana kaɗe hannu. "Shi ke nan? Wannan ne ilimin da kake ta yi mini fariya da shi?"

Tun da mun riga mun tsaya, muka shimfiɗa darduma a inuwar wata bishiya muka yi salla, muka ci burodi da cukun awaki. Hadari ya taso muna cikin ci. Ɗaga rufin motar nan kuwa sai an bi shi da lallashi, akwai ƙarafa da ake miƙewa, da maɓallai da ake ɗanawa ɗaya bayan ɗaya, kuma tamfol ɗin yakan ƙi miƙuwa daidai lokacin da kake gaggawa. Muka gama muna jiƙe sharkaf. Ko bayan an rufe, akwai wani ɗigo da ke sauka daga kusurwar gilashi a kan gwiwar direba, wuri ɗaya, ba ya kuskure. Ta ɗaura mini tawul a gwiwa muka ci gaba.

Mun isa Clichy-sous-Bois gab da magariba. Surukina Alhaji yana zaune a benci ƙasan benensu da abokansa biyu, suna jiran kiran salla. Na fito da ƙyar, na durƙusa, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya gajiya, ya hanya, ya mutanen Lyon. Sai da aka gama duka sannan ya tashi ya zagaya motar a hankali, hannuwansa a baya. Ya tsaya a bayan kujeru ya leƙa.

"Madalla," in ji shi. "To, ina sauran motar?"

Abokansa suka fashe da dariya. Amma washegari da safe shi da kansa ya ce in kai shi gidan burodi, wanda bai fi a taka da ƙafa ba, ya kuma sa na bi ta doguwar hanya, ta gaban duk inda ya san mutanensa na zaune.

A Paris muka sami gida a bayan gari, da gareji a ƙarƙashin bene. Na shimfiɗa kwali. Shekaru suka yi ta tafiya. Na iya sauraron tiyo a ƙarshe, ko da yake matata ta riga ni, ta ce ai ba wuya, ɗaya tana cewa "sss" ɗaya tana cewa "shhh". Na canja kuloci sau ɗaya, aikin da sai an ciro inji gaba ɗaya, na kuma rantse ba zan sake ba. Na koyi yin odar kaya daga Ingila, su zo a ƙaramin kwali, wani lokaci sabon ya fi tsohon lalacewa. Da aka haifi ƴarmu ta fari muka sayi mota irin ta kowa, mai ƙofa huɗu, wadda kake murɗawa ta tashi ba tare da ta tambaye ka komai ba. Koriya ta koma ta ranar hutu. Muka riƙa yin karɓa-karɓa, wannan mako ni, mako mai zuwa matata, don ta yi parmi ta kuma fi ni taka mota.

Lokacin da take da ciki na biyu, watan haihuwa ya kama, sai Inna, mahaifiyata, ta zo daga Damagaram don ta zauna da mu. Karonta na farko ke nan a jirgi. Ba ta yi mamakin Paris ba ko kaɗan, abin da ya ba ta mamaki shi ne ɗanta mai digiri uku yana sauka ƙarƙashin ƙasa kowace Asabar da tsohon wando, ya dawo da baƙin hannu. Wata rana ta ce sai ta ga abin da ke can. Na kai ta. Ta daɗe tana kallon motar.

"Wannan ita ce kake ba wa lokacinka?"

"Ita ce, Inna."

"Tana tafiya kuwa?"

"Yawanci."

Ta ce to gobe in kai ta kasuwar ƴan Afirka ta sayi kuɓewa busasshiya da kayan yaji na mai jego, kuma a wannan za a je. Matata ta ce, "Inna, a ɗauki babbar mana, ta fi daɗin zama." Inna ta ce, "Ƴata, babbar ai irinta ta cika Damagaram."

Sai da muka haɗu ni da matata sannan muka zaunar da ita, muka tattara mayafinta muka cusa. Da na tayar da injin ta ce bisimilla da ƙarfi. Na sauke rufi don ta ga gari. Muka tafi lafiya, muka yi sayayya, ta ɗora ledojin a cinya. A hanyar dawowa ne, daidai babbar mahaɗar Porte de la Chapelle, inda hanyoyi ke hawa kan juna, motar ta mutu a jan wuta. Na saurara, famfo na aikinsa ƙas-ƙas. Ba shi ba ne. Na murɗa, injin na juyawa amma ba ya kamawa. Wuta ta ba da hannu, na baya suka fara danna hon.

Wani direban bas ya sauko a fusace. Da yake a Faransa direba a hagu yake zama, kai tsaye ya nufi gefen Inna ya sunkuya yana zuba mata Faransanci, yana nuna hanya da hannu biyu. Inna ta saurare shi da kyau har ya gama. Sannan ta ce, "Lahiya lau. Ya aiki?" Mutumin ya duba gabanta, ba sitiyari, sai ledar kuɓewa. Ya dube ni a ɗaya gefen. Fushinsa ya rasa inda zai sauka, sai ya kama dariya.

A gefen hanyar akwai samari da yawa, wasu na sayar da ƙananan kaya a shimfiɗe, wasu na zaune kawai, mutanen da tafiya ta kawo daga ƙasashe daban-daban. Ban kira kowa ba, sai ga su sun taso. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai rawani a wuya, ya ji maganar Inna, ya tsaya cak.

"Hajiya, Hausa nake ji?"

"Ita ce, ɗana. Kai ɗan ina ne?"

"Agadas."

"To ku tura mu a hankali, ina da ciwon baya."

Suka tura. Ni na fito ina riƙe da sitiyari ta gefe ina tafe, Inna na zaune daram tana ba da umarni da Hausa ga mutanen da yawancinsu ba su ji ko kalma ɗaya, suna kuma bi. Muka samu wuri a gefe. Na buɗe bonet, kawuna suka cika shi, kowa na ba da shawara da harshensa. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata siririya da ke kai wuta ga buji ta zame daga mazauninta, tana lilo. Girgizar hanya ce ta kwance ta. Na kankare bakinta, na matse da filaya, na mayar. Murɗawa ɗaya ta tashi. Samarin suka yi shewa kamar an ci ƙwallo.

Na ce mu tafi, Inna ta ce ba yanzu ba. Ta sa aka fito da ita, ta zauna a kan wani kwali da ɗan Agadas ya shimfiɗa mata, ta tambaye shi mahaifiyarsa, da yaushe rabon da ya kira ta. Ya sunkuyar da kai ya ce an kwana biyu. Ta karɓi wayata ta miƙa masa ta ce ya kira yanzu tana gani. Ya koma gefe ya daɗe yana magana, ya dawo idonsa ja yana murmushi. Ta buɗe jakarta ta rarraba musu dabino da kilishin da ta zo da shi daga gida, wanda ni kaina ta hana ni taɓawa. Wani ya kawo mana shayi a ƙananan kofuna. Muka sha, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, sannan aka sake haɗuwa aka zaunar da ita a mota.

Muka kama hanya har muka kusa gida. Ta gyara mayafi ta ce, "Motar taka ba ta da kirki. Amma tana tara mutane."

Da muka shiga gida ta ba matata labarin tun daga farko, tana kwaikwayon direban bas da hannu biyu, matata na dariya tana riƙe ciki tana cewa, "Inna, ki bari, *je vais accoucher*, zan haihu a nan!" Ba ta haihu a nan ba, sai bayan ƴan kwanaki, da hantsi, muna tsakiyar karin kumallo. Ta ajiye cokali ta ce lokaci ya yi. Na rikice, na tashi na yi wajen ƙofa, na zari makullin da hannuna ya fara kaiwa. Inna ta riƙe mini hannu ta duba.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Yau a shiga wadda ba ta da ra'ayi."

Na musanya makulli, muka sauka. Kafin la'asar aka haifi namiji.